Tambaya da Amsa: A Sauya Mini Gaɓar Idon Sawu ko a Haɗe Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 56. Shekara 18 da suka wuce na karye a idon sawun dama, aka yi mini aiki aka sa ƙarfe. Na warke na ci gaba da harkokina, amma shekara uku ke nan ciwo ya dawo. Yanzu ko tafiyar minti goma ba na iyawa sai na nemi wurin zama, da dare ma yakan tashe ni daga barci. An ɗauki hoto an ce guringuntsin gaɓar ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Likita ɗaya ya ce a haɗe gaɓar ta daina motsi, wani kuma ya ce a sauya ta da ta ƙarfe. Ina da ciwon suga, gwajin HbA1c na ƙarshe, wato gwajin matsakaicin suga a jini, ya nuna 8.6. Ina shan sigari kara huɗu zuwa biyar a rana, nauyina kilo 95. Aikina kula da ɗakin ajiyar kaya ne, yawanci a tsaye, wani lokaci har da ɗaukar kaya. Zuciyata ta fi karkata ga sauyawa, don ina tsoron ɗingishi. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. A yadda ka kwatanta halinka a yau, da wuya likitan ƙashi mai taka-tsantsan ya yarda ya sa maka gaɓar ƙarfe a wannan watan, haɗewar ma zai so ka ɗan dakata. Suga 8.6 da sigari su ne suka tare hanya, kuma dukansu biyu abin gyarawa ne cikin wata uku ko huɗu. Idan an kawar da su, zaɓin zai dogara ne kan fatar gaban idon sawunka, da jinin da ke kai wa ƙafar, da lafiyar gaɓoɓin da ke maƙwabtaka da wadda ta lalace, sai kuma irin nauyin da kake niyyar ɗora wa ƙafar nan gaba.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi gaɓar idon sawu. Babban ƙashin ƙwauri da siririn ƙashin da ke gefensa na waje sun sauko sun yi kamar gwafa, suka riƙe wani dunƙulallen ƙashi da likitoci ke kira talus, wanda ke zaune bisa ƙashin dunduniya. Guringuntsin da ya lulluɓe su bai wuce kaurin milimita ɗaya zuwa biyu ba, amma duk taku ɗaya yana ɗaukar ninki huɗu zuwa biyar na nauyin jiki. A wurinka ke nan, kusan kilo 400 ko fiye na sauka a kan ɗan fili ƙarami a kowane taku. Muddin gwafar na daidai, guringuntsin nan yana da juriya ƙwarai, shi ya sa tsufa kaɗai ba kasafai yake cinye idon sawu ba yadda yake cinye gwiwa da ƙugu. Amma karaya ko yawan targaɗe kan gusar da talus, ko da milimita ɗaya ne ko biyu, sai nauyin ya taru a gefe guda yana ci a hankali har shekaru. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu irin ciwonka tsohon rauni ne sanadi. Shi ya sa da yawansu ba tsofaffi ba ne, kuma galibi akwai tabon tsohon aiki a fatarsu. Waɗannan abubuwa biyu su ne suke sa shawarar ta yi wuya.

A aikin haɗewa, likita yakan kankare ragowar guringuntsin har sai lafiyayyen ƙashi mai jini ya bayyana, ya daidaita ƙafar yadda tafinta zai kwanta sosai a ƙasa, ya matse ƙasusuwan da kusoshi biyu ko uku, wani lokaci da faifan ƙarfe. Daga nan jiki ne zai yi sauran aikin, ya ɗinke su su zama ƙashi ɗaya kamar yadda karaya take warkewa. Idan gaɓar ba ta karkace sosai ba, ana iya yin aikin ta ƙananan huji da na'urar leƙa gaɓa, ba sai an yi doguwar yanka ba. Ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Aikin sauyawa kuwa ya fi tsawo da sarƙaƙiya. Kada a rikita shi da ƙafar roba, ƙafarka tana nan, fuskokin gaɓar kawai ake canzawa. Yawanci ana yanka ta gaba, tsawon santimita 10 zuwa 15, a bi tsakanin jijiyoyin da ke ɗaga ƙafa, a kauce wa jijiyar jini da jijiyoyin ji da ke wucewa ta nan. Sai a yanke siririn yanki daga ƙasan ƙashin ƙwauri da saman talus, a kafa ƙarfe a kowanne, a sa wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin a tsakaninsu, kamar bushin tsakanin ƙarafa biyu. Bayan ƙarafan yana da kaushi da ƙananan ramuka domin ƙashi ya tsiro ya kama su, yawancin na zamani ba a sa musu siminti. A wasu nau'o'in robar a kafe take da ƙarfen sama, a wasu kuma tana zamewa tsakanin biyun. Sau da yawa ba a tsayawa nan: idan agara ta ɗaure sai a ƙara mata tsawo, idan igiyoyin da ke riƙe gaɓar sun saki sai a gyara su, idan dunduniya ta karkace sai a yanka ƙashinta a miƙe shi. Gaɓar ƙarfe da aka ɗora kan karkatacciyar ƙafa, kamar sabuwar taya ce a motar da ba a saita ƙafafunta ba, gefe ɗaya za ta cinye.

Dalilin da ya sa tsofaffin likitoci da yawa har yanzu suke ɗari-ɗari da wannan aiki yana da tushe. An fara gwada shi a Faransa a 1970, kuma nau'o'in farko da aka riƙa kafawa da siminti sun riƙa kwancewa cikin 'yan shekaru, har aka kusa watsar da aikin gaba ɗaya. Nau'o'in da suka biyo baya ne suka dawo da shi, irin su Agility a Amurka da STAR da aka ƙirƙiro a Denmak, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2009. Na yanzu, irin su Infinity da Salto Talaris da INBONE, sun fi na farko nesa ba kusa ba, sai dai mafi sabunta a cikinsu ba su kai shekara ashirin a jikin mutane ba tukuna.

To wanne ya fi kashe ciwo? An gwada wannan kai-tsaye. A 2022 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna TARVA da aka yi a asibitoci 17 a Birtaniya, inda aka raba mutum 303 'yan shekara 50 zuwa 85 ta hanyar ƙuri'a, rabi aka sauya musu gaɓa, rabi aka haɗe. Bayan shekara ɗaya duka ɓangarorin biyu sun samu sauƙi sosai wajen tafiya da tsayuwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a ce ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Inda suka bambanta shi ne irin matsalar da kowanne ya haifar. Waɗanda aka sauya wa gaɓa sun fi samun jinkirin warkewar rauni da taɓuwar jijiyar ji. Waɗanda aka haɗe wa sun fi samun daskarewar jini, kuma a kusan mutum 7 cikin 100 ƙashin ya ƙi haɗuwa har yana damunsu. Da aka ware masu gaɓar da robarta ke kafe aka duba su daban, sun ɗan fi waɗanda aka haɗe wa, amma wannan dubawa ce ta bayan fage, ba ita aka shirya gwajin dominta ba. Kowane allazi da nasa amanu ke nan.

Shekara ɗaya kuwa ba ita ce abin dubawa ga mai shekara 56 ba. Gaɓar ƙarfe na'ura ce, tana da wa'adi. Idan aka tattara rahotanni, wajen 80 zuwa 90 cikin 100 suna nan suna aiki bayan shekara goma, rajistar wasu ƙasashe da ta haɗa da tsofaffin nau'o'i ma ta nuna ƙasa da haka. Gwiwa da ƙugu na ƙarfe sun fi wannan daɗewa, don haka kada ka auna da labarin wanda aka sauya wa gwiwa. Idan Allah ya ba ka shekara 25 ko 30 nan gaba, sai ka sa a ranka cewa akwai yiwuwar komawa ɗakin tiyata. Haɗewa kuwa idan ta kama ta kama, amma motsin da gaɓar ta daina yi yakan koma kan maƙwabtanta, wato gaɓar da ke ƙarƙashin talus da waɗanda ke tsakiyar ƙafa. Wani bincike da ya bi mutum 23 na tsawon kimanin shekara 22 bayan haɗewa ya tarar mafi yawansu waɗannan gaɓoɓin sun lalace a hoto. Ba kowane abin da hoto ya nuna ne yake ciwo ba, amma abin yana faruwa.

Batun ɗingishi da kake tsoro, mun ga ya kamata mu tsaya a kansa, domin a nan ne mutane suka fi yi wa haɗewa mummunar fahimta. Ba ƙafar duka ake sandarewa ba. Juya tafin ƙafa ciki da waje daga gaɓar ƙasa yake fitowa, kuma tana nan. Gaɓoɓin tsakiyar ƙafa ma suna ba da ɗan motsin sama da ƙasa. Mutane da yawa da aka haɗe wa idon sawu ɗaya, idan suka sa takalmi suna tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, sai mai lura sosai ne zai gane. Takun yakan ɗan gajarta, sauri yakan ragu, kuma inda abin yake bayyana shi ne hawan tudu, saukar gangara, saukowa daga matakala da tsuguno. A ɗaya ɓangaren, kada ka zaci gaɓar ƙarfe za ta mayar da kai yadda kake kafin karaya. Lafiyayyen idon sawu yana lanƙwasawa sama kusan digiri 20, ƙasa kusan 50. Bayan sauyawa abin da aka saba samu gaba ɗaya digiri 25 zuwa 30 ne, wanda ya ishi tafiya, kuma yawanci bai fi abin da mutum ya shigo da shi da yawa ba. Gaɓar da ta shekara goma a ƙage, naman da ke kewaye da ita ma ya ƙage. Ka zauna ka miƙe ƙafar, ka ɗaga yatsu sama ka sauke, ka dubi ainihin idon sawun. Idan da ƙyar yake motsawa, to jikinka ya riga ya yi rabin haɗewar da kansa, abin da za ka rasa kaɗan ne. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: ka nemi a ba ka doguwar takalmin asibiti mai tauri da ake sa wa masu karaya, ka yi mako biyu kana aiki da ita. Tana kulle gaɓoɓi fiye da yadda haɗewa za ta yi, don haka idan ka iya rayuwa da ita kuma ciwon ya lafa, ka samu amsa mai amfani.

Yanzu ga abin da ya shafi jikinka kai tsaye. Sa yatsa biyu ka tsunkuli fatar gaban idon sawunka. Za ka ji siririya ce, ba tsoka a ƙarƙashinta, daga ita sai jijiyoyi sai ƙashi. Ta nan za a shiga, kuma ƙarfen zai zauna 'yan milimita kaɗan daga wannan fatar. Idan ɗinkin ya buɗe a ƙugu, akwai nama mai kauri da zai kare ƙarfen. A idon sawu babu. Ƙwayoyin cuta da suka isa ga ƙarfe sukan yi wata yauƙi su manne, maganin sha ko allura ba ya cimma su, sau da yawa sai an cire ƙarfen dungurungum. Sinadarin nikotin da ke cikin sigari yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da bakin rauni, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka. Kara huɗu ba kaɗan ba ne a wannan lissafin. A haɗewa ma sigari na daga cikin manyan abubuwan da ke hana ƙashi kamawa. Ana so ka daina gaba ɗaya aƙalla mako shida kafin aiki, ka ci gaba da ƙauracewa har ƙashi da rauni su warke, kuma wasu likitoci sukan yi gwajin fitsari ko jini su tabbatar. Suga mai yawa kuwa yana raunana ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, yana jinkirta warkewa. Yawancin likitoci suna son HbA1c ya sauka ƙasa da 8, wasu ma ƙasa da 7.5. Tunda gwajin yana nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku ne, ba abin da za a gyara cikin mako ɗaya ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi lambar suga muhimmanci shi ne ko ciwon ya taɓa jijiyoyin ji na ƙafarka. Gwajinsa minti biyu ne. Za ka rufe ido, likita ya ɗauki wani siririn zaren roba mai kama da gashin buroshi, ya danna shi a tafin ƙafa har ya lanƙwashe, wanda nauyin giram 10 ke nan, a ƙarƙashin babban yatsa da wasu wurare, kai kuma ka ce "na ji" duk lokacin da ka ji. Idan akwai wuraren da ba ka ji ba, maganar gaɓar ƙarfe ta kusa ƙarewa. Ƙafar da ba ta ji ba ta san lokacin da take ɗora wa gaɓa nauyin da ya wuce kima ba, kuma tana iya faɗawa cikin wata lalura da ake kira ƙafar Charcot, inda ƙasusuwa ke narkewa su ruguje ba tare da wani ciwo mai yawa ba. Haka kuma za a taɓa bugun jini a bayan ƙafa da bayan idon sawu na ciki, idan ya yi rauni a auna shi da na'ura.

Tsohon aikin da aka yi maka shi ma yana da magana. A ina tabon yake? Idan sabuwar yanka za ta bi kusa da tsohuwa, siririyar fatar da ta rage a tsakaninsu tana iya mutuwa don ƙarancin jini. Ƙashin ya huda fata lokacin karayar? Raunin ya taɓa yin mugunya? Idan e, ka faɗa wa likita ko bai tambaya ba, domin ƙwayoyin cuta kan kwanta a ƙashi shekara da shekaru, sai a yi gwajin jini na ESR da CRP, masu nuna alamar cuta ko kumburi a jiki, wani lokaci a ɗebi ɗan ƙashi a auna. Tsofaffin kusoshi ma mai yiwuwa a cire su, ko a rana ɗaya ko a wani aiki na daban kafin babban.

Hoton da za a yanke shawara a kansa dole a ɗauke shi kana tsaye, nauyinka a kan ƙafar. Hoton kwance yana ɓoye karkata, yana kuma nuna sarari a gaɓar da babu shi. Idan talus ya karkata fiye da digiri 15 a cikin gwafar, aikin sauyawa ya ƙara wuya, sai ƙwararren da ya saba haɗa shi da gyaran ƙashi da igiyoyi. Hoton CT yana nuna ramuka a cikin ƙashi da halin gaɓoɓin maƙwabta. MRI kuma ana yinsa idan ana zargin wani ɓangare na talus ya mutu. Wannan ƙashi ba tsokar da ke manne da shi, fiye da rabin jikinsa guringuntsi ne, hanyoyin jininsa kaɗan ne, kuma karaya kan yanke su. Mataccen ƙashi ba ya kama ƙarfe, sai ƙarfen ya nutse a ciki. Idan kuma ba a tabbatar daga wace gaɓa ciwon yake fitowa ba, akan yi allurar kashe zafi a cikin idon sawun kaɗai a ce ka tashi ka yi tafiya. In ciwon ya ɗauke na 'yan awoyi, an kama mai laifi. In rabi ya rage, akwai wata gaɓar da ke da hannu.

Ga inda muke ganin ma'aunin ya karkata. Wanda sauyawa ta fi dacewa da shi shi ne mai shekara 60 ko fiye, mai matsakaicin jiki, mai lafiyayyar fata da ƙashi, wanda buƙatarsa tafiya ce da harkokin gida, har da keke ko iyo. Tana ƙara dacewa idan idon sawu biyu ne suka lalace, ko gaɓar ƙarƙashin talus ta riga ta lalace ko an haɗe ta, ko mutum na da amosanin gaɓɓai da ya kama wurare da yawa, domin a irin wannan hali haɗe idon sawu zai bar ƙafar kamar guntun itace. Kai kuwa shekararka 56, kilo 95, ga suga, ga tsohon tabo, ga aikin tsayuwa da ɗaukar kaya. Idan hoto ya nuna maƙwabtan gaɓar lafiyarsu lau, ƙafar hagu ma lafiya, kuma za ka ci gaba da wannan aiki yadda yake, mu a ganinmu likitan da ya ce a haɗe ya fi kusa da daidai. Idan kuwa maƙwabtan sun fara lalacewa, jin ƙafarka cikakke ne, ka bar sigari, suga ya sauka, kuma za ka iya barin ɗaukar kaya masu nauyi har abada, to sauyawa zaɓi ne mai ma'ana. Mai gaɓar ƙarfe ba ya gudu a matsayin motsa jiki, ba ya tsalle, ba ya dakon kaya.

Ya kamata ka san abin da ke faruwa idan gaɓar ƙarfe ta gaza, domin a nan ne bambancin yake da nauyi. Takan gaza ta hanyar kwancewa daga ƙashi, ko nutsewa cikin talus, ko robar ta cinye. Ɓurɓushin robar kan tayar da garkuwar jiki ta riƙa cin ƙashin da ke kewaye, ramuka su buɗe a ɓoye ba ciwo. Saboda haka ne ake son hoto lokaci-lokaci har tsawon rayuwa, ko kana jin garau. Wasu kuma sukan ci gaba da jin ciwo a lungunan gefen gaɓar inda ƙashi ya sake tsirowa, sai an shiga an share. Idan an gano da wuri, ana iya canza robar, a cike ramin, ko a sa sabon ƙarfe. Idan ƙashin ya riga ya ƙare, sai a koma ga haɗewa, amma yanzu da gibi na santimita da yawa da za a cike da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu ko na wanda ya bayar. Wannan haɗewar ba ta kama da sauƙi kamar ta farko, ƙafar kan ɗan gajarta, wani lokaci sai an haɗa har da gaɓar ƙasa da dogon ƙarfe ta dunduniya. Yanke ƙafa abu ne da ba kasafai ake kai wa gare shi ba, amma idan an kai, galibi cuta ce ta shiga a jikin da jini ko suga bai daidaita ba. Mayar da haɗaɗɗiyar gaɓa ta koma ta ƙarfe kuwa yana yiwuwa a hannun ƙwararru ƙalilan, da sharaɗin ba a cire ƙasan siririn ƙashin waje ba. Don haka in ka zaɓi haɗewa, ka roƙi likitan ya bar maka shi.

Jinya ba ta da nisa sosai tsakaninsu. Bayan sauyawa za ka kwana ɗaya ko biyu a asibiti, ka yi mako biyu na farko ƙafa a filasta, a ɗage sama da ƙirji mafi yawan yini, domin kumburi shi ne ke yaga ɗinki. Ana cire zare a mako na biyu ko na uku. Fara taka ƙafar yakan kasance tsakanin mako biyu zuwa shida, gwargwadon ƙarin aikin da aka yi, sannan gashin ƙashi da motsa gaɓa, a koma takalmi wajen wata biyu zuwa uku. Bayan haɗewa, yawanci mako shida ba takawa, wasu shida kuma a cikin takalmin asibiti, mai suga ma akan ƙara masa. Tunda ƙafar dama ce, ka cire tuƙi daga lissafi na aƙalla wata biyu, aikin tsayuwa kuma wata huɗu zuwa shida. Kumburin yamma yana iya kai shekara. A kowanne daga ciki, idan sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko rauni ya fara tsatsar da ruwa da zazzaɓi, asibiti za a nufa a ranar.

Watannin da za ka yi kana gyara suga ba na zaman banza ba ne. Kowane kilo biyar da ka rage yana sauke wa gaɓar kilo 20 zuwa 25 a kowane taku. Takalmi mai tauri wanda tafinsa ya lanƙwasa kamar ƙasan kwalekwale yana mirgina ƙafa gaba ba sai idon sawu ya motsa ba, haka ma abin ɗaure idon sawu da ake ƙerawa daidai ƙafar mutum. Sanda a hannun hagu za ka riƙe, wato kishiyar ƙafar da ke ciwo. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna taimakawa, amma mai suga sai an duba ƙodarsa tukuna, kuma ba na sha kullum ba ne. Allurar sitiroyid a cikin gaɓa tana ba da sauƙi na makonni ko 'yan watanni, sai dai tana ɗaga suga na kwanaki, kuma ba a son a yi ta cikin wata uku kafin tiyata saboda haɗarin cuta. Allurar PRP da ake haɗawa daga jinin mutum, wani gwaji da aka yi a Holan aka fitar a 2021 ya nuna ba ta fi allurar ruwan gishiri ba a ciwon idon sawu, don haka ba ma ba da shawararta. Idan kuma hoton tsaye ya nuna gefe ɗaya ne kawai ya cinye, rabin guringuntsin na nan, ka tambaya ko za a iya yanka ƙashin ƙwauri daga sama a karkatar da nauyi zuwa lafiyayyen gefen. A yadda aka ce maka ƙashi na gugar ƙashi, mai yiwuwa lokacin wannan ya wuce, amma tambayar ba ta da tsada.

Idan ka koma wurin likitan da ya ce a sauya, ka tambaye shi guda nawa yake yi a shekara, domin wannan aiki ne da sakamakonsa ke bin yawan sabo, kuma likitocin ƙashi da yawa da suka ƙware a gwiwa da ƙugu ba sa yinsa sai jefi-jefi. Ka tambaye shi wane nau'i zai sa, shekara nawa aka yi ana bibiyar sa a jikin mutane, kuma in ya lalace nan da shekara goma, wa zai gyara, da wane kaya. Shi kuma wanda ya ce a haɗe, ka tambaye shi ko yana yin aikin sauyawar ma, da abin da ya gani a gaɓar ƙarƙashin talus a hotonka. Ka tafi da sabon sakamakon HbA1c, da hoton da aka ɗauka kana tsaye, da takardun aikin da aka yi maka shekara 18 da suka wuce in suna nan.